Oga, in yaronka ya ce "to" kar ka ɗauka ya gane

Duk wanda ya taɓa riƙe mutane a ƙarƙashinsa, ko shago ne a Kantin Kwari mai yara huɗu, ko gidan burodi, ko kamfanin ruwan leda, ko ofis mai ma'aikata hamsin, ya san wannan abun. Zaka bada aiki da safe a ce maka "to ranka ya daɗe", la'asar tayi ka dawo ka tarar an yi wani abu daban ko kuma ba a ma taɓa ba. Sai ranka ya ɓaci kace yaran yanzu basa ji. Wani lokacin gaskiya ne basa jin, amma sau da yawa daga bakinka matsalar ta taso, kuma wannan ita ce wadda zaka iya gyarawa yau ɗin nan ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Tarbiyyarmu ce ta zo a haka, ƙarami baya tsare babba da tambaya, zai sunkuyar da kai ne ya amsa ko bai gane ba, don gani yake in yace "ban gane ba" kamar ya raina ka ne ko kuma za a ce masa daƙiƙi. A gida wannan ladabi ne mai kyau. A wurin aiki kuwa asara yake jawowa, kuma kai da ke sama kai ne zaka buɗe ƙofar, shi ba zai iya ba.

Ka fara da yadda kake bada aiki. "Ku kai wa Alhajin nan kayansa" wannan ba umarni bane wallahi. Wane Alhajin, waɗanne kaya, waye zai kai, kafin yaushe? Da zarar kace "ku" kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ake nufi. Kira mutum ɗaya da sunansa, kace wane, dila biyu na shaddar da muka ware jiya, ka kai tasha kafin azahar ka sa a motar Maraɗi, ka karɓi lambar direban ka turo min. Kuma ka faɗa masa dalili ko a taƙaice, cewa mai kayan biki gare shi ran Asabar, saboda in ya je ya tarar motar ta tashi wanda ya san dalili zai nemi wata dabara ko ya kira ka nan take, wanda bai sani ba kuwa zai dawo da kayan ya ajiye ya jira gobe.

Bayan ka gama kar ka tambaye shi "ka gane?" don amsar kullum ɗaya ce. Ce masa zaka yi "maimaita min inji". Da farko zai ji wani iri, kai ma zaka ji kamar kana makarantar allo, amma kace masa ba don na raina ka bane, don in tabbatar ni na faɗa daidai ne. Matuƙan jirgin sama haka suke yi, duk umarnin da aka basu daga hasumiyar filin jirgi sai sun maimaita shi. An ƙara tsananta wannan ne bayan abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a watan Maris 1977, inda manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM ya ɗauka an bashi izinin tashi alhali ba a bashi ba. Kuma abin da yafi tsaya min a rai, injiniyan da ke zaune a bayansa yayi shakka har ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa eh, sai injiniyan yayi shiru. Kaga ƙarami ya hango, babba bai bar masa wurin nanatawa ba. Mu kuma ai muna da misali mafi kusa, ya tabbata a hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) idan yayi magana yakan maimaita ta sau uku don a fahimta.

Yanzu ga babban wurin, wanda a ganina shi ke raba shugaban da kasuwancinsa zai ɗore da wanda zai wayi gari yaga komai ya zube: yaya mummunan labari yake isowa gare ka? In duk wanda yazo yace maka janareta ya lalace, ko kwastoma ya dawo da kaya, ko an yi kuskure a lissafi, kai kuma ka hau shi da faɗa, to ka koya wa kowa darasi cewa a ɓoye maka. Daga ranan sai dai ka riƙa jin "lafiya lau, komai na tafiya" har ranar da abin ya fi ƙarfin ɓoyo, kuma lokacin kuɗin gyaran ya ninka. A masana'antun Toyota akwai igiya da ke bi ta saman layin haɗa motoci, ƙaramin ma'aikaci in yaga abin da bai yi daidai ba zai ja ta, shugaban sashe ya taho da sauri, in ba a warware ba layin ya tsaya. Kamfanin ya gwammace a tsaya na ɗan lokaci da a fitar da mota mai aibi. Kai baka buƙatar igiya, abin da kake buƙata shi ne ka riƙe fuskarka da harshenka a minti ɗaya na farko. Wanda ya kawo maka labarin ka fara ce masa madalla da ka faɗa min da wuri, sannan ku shiga me ya faru, me za ayi yanzu. Maganar laifin waye ta jira sai an kashe wutar. Yaranka fuskarka suke karantawa tun daga bakin ƙofa, in kullum a murtuke kake shigowa babu mai tunkarar ka da gaskiya.

Kuma don Allah a daina yi wa ma'aikaci tsawa a gaban kwastoma ko a gaban na ƙasa da shi. Mutum mai iyali, wataƙila ma ya girme ka, ka ce masa "kai wane irin mutum ne" a bainar jama'a, ba zai manta ba ko ka ƙara masa albashi. Ja shi gefe ko ka kira shi ofis, ka faɗi abin da yayi da ranar da yayi da abin da hakan ya jawo, kamar kace jiya ka rufe shago ƙarfe biyar, mutum biyu sun zo daga Katsina sun koma. Wannan zai iya gyarawa. Amma "kai malalaci ne" me zai yi da ita banda ƙullaci? Sannan ka bar shi yayi magana har ya gama, wataƙila ɗansa aka kai asibiti. Yabo kuwa shi ake yi a gaban jama'a, kuma a faɗi takamaiman abin da aka yaba.

Sai WhatsApp, nan ma akwai gyara. Saƙon murya na minti bakwai da ka turo kana tuƙi, da gaisuwa da faɗa da farashi uku a ciki, babu mai iya komawa ya nemo inda ka faɗi lambar asusun. Duk abin da ya ƙunshi kuɗi, adadi, rana ko adireshi a rubuta shi. In akwai wanda baya karatu sosai tura masa murya gajera, abu ɗaya a saƙo ɗaya, sannan ka bi ta da rubutun don ya zama shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, to ina dalilin da za mu bar cinikin miliyoyi a baki kawai? Kuma faɗa baya shiga guruf, haka nan saƙon aiki ƙarfe sha ɗaya na dare in ba gobara ake ba a bari sai safe.

Maganar kuɗi ita ce mutane suka fi gudu. In albashi zai yi jinkiri ka tara su ka faɗa da bakinka kafin ƙarshen wata, ka faɗi dalili da ranar da zaka biya, ranar da ka tabbatar zaka iya. Wanda ya tuna wahalar takardun naira a farkon 2023 da tashin man fetur bayan cire tallafi a ƙarshen Mayu na shekarar ya san ma'aikaci yana iya haƙuri sosai in an gaya masa gaskiya, shirun ne baya iya ɗauka, don yana da mai gidan haya da mai shagon unguwa da zai faɗa wa wani abu. In kayi shiru raɗe-raɗi ne zai cike gurbin, kafin kace me an ce kamfani ya karye, na kirkin cikinsu sun fara neman wani wuri.

Taro kuma kar ya zama wa'azi. Minti goma zuwa sha biyar da safe a tsaye ya isa, kowa ya faɗi me yake kai yau da abin da ya tare masa hanya. In shawara ake nema kai ka zama na ƙarshen magana, don da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa sauran sai "haka ne" kawai, fara da mafi ƙanƙanta, ɗan aike ko mai gadi ko yarinyar da ke kan kanta, su ne ke ganin kwastoma ido da ido. In mata basa sakewa a gaban maza ka basu lokacinsu daban ko ka sa wata babba a cikinsu ta tattaro. Wanda ya kawo shawara kuma ba a ɗauka ba a koma a gaya masa dalili, in ba haka ba ba zai sake kawowa ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka guje masa shi ne ajiye ɗan kai rahoto a ɓoye. Kowa zai gano shi cikin sati, kuma labarin da zai riƙa kawo maka wanda zai amfane shi ne. In wani yazo da ƙarar abokin aikinsa kace to tsaya a kira shi, ka faɗa a gabansa. Mai gaskiya zai tsaya, ku zauna ku ukun a gama maganar a ranar.