Kafin kuɗin gida su narke

Salam 'yan uwa ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Yelwa, Bauchi. Ranar da kuɗin gida suka shigo, kada ku taɓa su sai kun ware na Keke Napep da na fotokwafi. Mu huɗu muke haɗa sauran, mu je kasuwar Muda Lawal mu auno shinkafa, wake da garin kwaki mudu-mudu. Sayen ƙulli-ƙulli a bakin makaranta shi ke rarake aljihu ba ka sani ba. Da kaka wake kan sauka, to ku saya da ɗan yawa, ku zuba a jarka da busasshen barkono, ku toshe bakin sosai saboda ƙwari. Data kuwa, kada ku tambaye ni, TikTok ya fi ƙarfina har yau.