Yadda ake gyara dandalin wasan zamiya: a fara da ƙasa da ruwa, lif ya zo daga baya

Idan kuɗi ya shigo hannun masu dandalin zamiya a kan dusar ƙanƙara, a tsaunukan Alps ne ko a Amurka, abin da suka fi saurin saye shi ne sabon lif, wato na'urar igiya mai kai masu zamiya saman tsauni, domin shi ke fitowa a hoton talla. Sai dai lif mai kwasar mutum 3,000 a awa ba shi da amfani in hanyar da zai sauke su a kanta ƙasa ce tsirara a makon Kirsimeti, lokacin da ake cinikin da ke riƙe kakar gaba ɗaya. Jerin da ya fi biyan kuɗinsa shi ne ƙasa, ruwa, injinan feshi masu mayar da ruwa dusar ƙanƙara, motocin gyaran hanya, sannan lif.

Mataki na 1: A tattara alƙaluma

Abu huɗu ake nema: yawan masu shiga kowane lif awa bayan awa, wanda ƙofofin tikiti ke ƙirgawa, taswirar wuraren da aka fi jin rauni, wuraren da ƙasa ke fara leƙowa kowace shekara, da yawan awannin sanyin da aka samu a Nuwamba da Disamba cikin shekaru goma da suka wuce. Na ƙarshen nan shi zai yanke girman famfo da yawan injina.

Mataki na 2: A gyara ƙasa kafin sanyi ya shigo

Hanya mai santsi da ciyawa ta rufe tana buɗuwa da dusar ƙanƙara mai kaurin santimita 30. Mai duwatsu da kututture da kwazazzabai tana iya cin ninkin haka, kuma kowane santimita na ƙari ruwa ne da lantarki. Shi ya sa aikin katafila a watan Yuli ya fi sayen inji arha.

A yaye ƙasar sama tare da ciyawarta a ajiye gefe, a daidaita ta ƙasa, a cire duwatsu, sannan a mayar da ta saman. Wanda ya tura ta cikin rami ya binne zai yi shekaru yana jiran ciyawa, domin a bisa tsauni lokacin tsiro gajere ne. A shuka irin ciyawar yankin nan take, a rufe da tattaka ko ragar igiya a wurare masu tsayuwa.

A yanka ƙananan magudanai a karkace su ratsa hanyar, su riƙa fitar da ruwa gefe kafin ya yi ƙarfin zaizaye ƙasa. Iya tsayuwar gangare, iya kusancinsu da juna. Duk inda idon ruwa ke tsattsafowa a sa masa bututu mai huji a cikin tsakuwa. In an bar shi, zai riƙa narkar da dusar ƙanƙara daga ƙasa, ya bar fegin ƙanƙara mai sulɓi a tsakiyar hanya.

Sai batun alama, wato launin da ke nuna wahalar hanya. A Ostiriya da Jamus, hanya mai shuɗin alama ba ta wuce gangaren kashi 25 cikin 100 (saukar mita 25 a kowace mita 100 ta gaba), ja ba ta wuce 40, abin da ya haura haka baƙa ce. Hanyar Harakiri da ke Mayrhofen ta Ostiriya ta kai 78. Inda matsala take shi ne hanya shuɗiya mai ɗan yanki guda da ya tsaya ƙyam: nan sababbin hannu ke cirjewa, su kankare wurin da gefen katakon zamiyarsu, na baya su zo su afka musu. Ko dai a kwantar da yankin, ko a yi masa kewaye, ko a canza alamar. Mahaɗar hanyoyi kuma a faɗaɗa ta, a sare abin da ke tare gani, a sa hanyoyin su haɗu a kaikaice maimakon su gitta juna.

Mataki na 3: A lissafa ruwa

Dusar ƙanƙarar inji ta fi ta sama nauyi ƙwarai: kilo 400 zuwa 500 a kubik mita ɗaya, alhali sabuwar da ta zubo daga sama tana kusa da kilo 100. Wato kubik mita ɗaya na ruwa yana ba da 2 zuwa 2.5 na dusar ƙanƙara.

Ɗauki hanya mai tsawon kilomita 2 da faɗin mita 40, hekta 8 ke nan. Rufe ta da santimita 30 na bukatar kubik mita 24,000, wanda a kilo 450 ya kama ruwa kubik mita 10,800. A ƙara kashi 20 cikin 100 saboda abin da iska za ta kwashe da wanda zai tashi tururi, a ce 13,000. Idan ana so a gama cikin awa 72, sai famfo ya turo kubik mita 180 a awa, lita 50 a kowane sakan, hanya ɗaya tak. Rafin tsauni ba ya bayar da haka a lokacin sanyi, hukuma ma ba za ta bari a ƙafar da shi ba. Don haka ake haƙa tafki a cika shi da ruwan narkewa tun bazara.

A gina tafkin a sama gwargwadon iko. Kowace mita 100 ta hawa tana cin matsin ruwa kusan bar 10, saboda haka tura ruwa mita 500 sama na cin bar 50, ga bar 20 ko fiye da injin can ƙoli ke bukata, ga abin da gogayya a bututu ke cinyewa. Tafkin da ke sama yana ba da wannan matsin kyauta. A dogon gangare a raba layin gida biyu da tashar famfo a tsakiya, don kada matsin ƙasa ya fi ƙarfin bawul.

Zafin ruwan ma abin lura ne. Ana so ya isa bakin inji yana digiri 1 zuwa 3. Ruwan tafki a farkon Nuwamba yakan fi haka ɗumi, sai a bi da shi ta hasumiyar sanyaya ruwa. Bututu a binne shi ƙasa da inda sanyi ke daskarar da ƙasa, kowane kan famfo ya kasance mai tsiyaye kansa idan an rufe. A cika layi sannu a hankali ana fitar da iska, domin buɗe bawul ko rufe shi farat ɗaya na haifar da bugun ruwa mai fasa mahaɗin bututu.

Mataki na 4: A zaɓi injina, a san lokacin kunna su

Ma'aunin zafi na bango ba ya wadatarwa. Wanda ake bi shi ne mai jiƙaƙƙen ƙyalle a kansa, domin yana haɗa sanyi da bushewar iska. Yadda ruwan randa ke ƙara sanyi a busasshiyar iskar hunturu, haka ɗigon ruwa ke zubar da zafinsa ta tururi yana cikin iska. Ana fara feshi idan wannan ma'aunin ya kai digiri 2 zuwa 2.5 ƙasa da sifili. Iska mai digiri 1 sama da sifili da laima kashi 30 tana ba da wajen 3 ƙasa da sifili, aiki zai yiwu. Iska mai digiri 1 ƙasa da sifili cikin hazo mai laima ba za ta ba da komai ba sai ruwa.

Injin iri biyu ne. Mai fanka yana cin kilowat 20 da ɗoriya, yana jifa har mita 50, ya dace da hanya mai faɗi da filin saukowa. Mai dogon sanda, mita 6 zuwa 10, yana barin ɗigon ya sauko a hankali, ba ya cin wuta sosai, amma iska na wasa da shi, don haka ya fi kyau a siririyar hanya cikin itatuwa. Dukansu suna da ƙananan nozul da ke gauraya ruwa da iskar kwamfaresa su fitar da ƙwayoyin ƙanƙara, waɗanda manyan ɗigo ke daskarewa a kansu. In waɗannan suka toshe, injin zai yi ta ruri yana zuba ruwa zalla. Yashi ne ke jawo haka, maganinsa wanke matatar ruwan. Akwai sinadarin Snomax da ke sa ruwa saurin daskarewa, amma a Tirol ta Ostiriya da Bavariya ta Jamus ba a yarda a zuba komai a ruwan ba.

Ga abin da masu tsarawa ke yawan kuskurewa. A bakin iyakar sanyi, inji mai fanka bai fi ya sarrafa lita 1 zuwa 2 a sakan ba. A digiri 10 ƙasa da sifili yana ninka haka sau huɗu ko fiye. Ke nan a daren sanyi kaɗan, yawan injina ne ke taƙaita aiki, a daren sanyi mai tsanani kuwa famfo ne. Lita 50 ɗin can na bukatar injina 25 aƙalla, ɗaya a kowace mita 80. Tunda awannin tsananin sanyi na raguwa a farkon kaka, injina masu kunna kansu da daidaita ruwa da kansu, irin waɗanda TechnoAlpin da Demaclenko ke ƙerawa, sun fi na hannu, domin ba sa ɓata awa biyu ana jan tiyo. Italiya ta riga ta kai kusan kashi 90 na hanyoyinta da inji, Ostiriya kusan 70.

Ko da na'ura, ma'aikaci ya shiga ƙarƙashin feshin ya miƙa hannun rigarsa. In ƙwayoyin suka yi tsalle suka faɗi, ya yi daidai. In suka manne suka jiƙa yadin, a rage ruwa. Shimfiɗar farko ana yin ta da ɗan danshi don ta kama ƙasa, ta sama kuma a yi ta busasshiya. Tulin da inji ya tara a bar shi kwana 1 zuwa 3 ruwan cikinsa ya tsiyaye. Wanda ya baje shi da ɗanyensa zai wayi gari da ƙanƙara kamar siminti.

Akwai kuma ajiya. A Davos ta Suwizalan, tun 2008 ake tara tuli a ƙarshen sanyi a rufe shi da garin katako mai kaurin santimita 40, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kaiwa kaka ta gaba. Ruka da Levi a Finlan ma da ajiyayyar dusar ƙanƙara suke buɗe kaka.

Mataki na 5: Gyaran dare

Motocin gyaran hanya, irin PistenBully da Prinoth, su fita da zarar an rufe lif. Bayan an niƙa an daddale, ƙwayoyin na bukatar kamar awa 8 su kama juna. Hanyar da aka gyara da asuba tana rugujewa kafin hantsi. Masu zamiya kullum ƙasa suke turo dusar ƙanƙara, don haka direba ya mayar da ita sama, a wuri mai tsayuwa ya ɗaure motar da igiyar winci don kada sarƙarta ta haƙe hanya. Gudu da yawa ko juya maniƙa da ƙarfi na barin dunƙule-dunƙule. A sa wa motocin na'urar GPS mai auna kauri, irin SNOWsat, don a daina feshi inda akwai mita guda alhali can gefe saura santimita 10.

Mataki na 6: Lif

Lif mai kujeru na farko an kafa shi a Sun Valley ta jihar Idaho a 1936. Irin wanda kujerunsa ke manne da igiya yana tafiyar mita 2.5 a sakan ko ƙasa da haka. Mai sakin igiya a tasha, wanda na farko mai kujerar mutum huɗu ya fara aiki a Breckenridge ta Amurka a 1981, yana yin mita 5 zuwa 6, ya rage zuwa kusan mita 1 wurin hawa. Amma gudu ba shi ne yawan kwasa ba. Kujera mai mutum 4 a kowane sakan 6 tana ba da 2,400 a awa, ko wane iri ce. Mai gudu yana rage zaman sama ne, mutane su ƙaru a kan hanya. Kafin a ninka kwasa, a tabbata hanyoyin da ke ƙasa za su ɗauka.

Sau da yawa dogon layi ba laifin injin ba ne, kujeru ne ke tashi da gurbi, ko ana yawan tsayawa don wani ya faɗi. Gyaransa ba tsada: layi na musamman ga masu tafiya su kaɗai don cike gurbi, ma'aikaci mai haɗa mutane huɗu-huɗu, shimfiɗa mai tafiya a wurin hawa, da filin sauka mai ɗan gangare wanda ake sharewa kullum. Inda iska ke yawan rufe lif, a rage tsayin turaku ko a kafa shingen iska. Tsarin igiya biyu na Funitel, wanda dandalin Val Thorens na Faransa ya fara a 1990, yana jure iskar kusan kilomita 100 a awa, amma kuɗinsa ba na ƙaramin dandali ba ne.

Kowace safiya kafin fasinja a gwada birkin aiki, birkin gaggawa, abin hana komawa baya da injin ko-ta-kwana. A Gudauri ta Jojiya, a Maris 2018, lif ya juya baya da gudu yana watsar da mutane a tasha. A Mottarone ta Italiya, a Mayun 2021, igiyar da ke jan ɗakin fasinjoji ta tsinke alhali an maƙale birkin gaggawa da ƙarfe don ya daina tsayar da aiki, mutum 14 suka mutu. Birkin da ke yawan kamawa da kansa alama ce ta wata matsala, sai a rufe lif a nemo ta. Igiya a bi ta da na'urar maganaɗisu mai gano wayoyin da suka karye a ciki, a fi sa ido kan mahaɗinta. Maƙallan kujeru a kwance su bi da bi a duba tsagewa, robar ƙafafun turaku da boris a canza su kafin su fara kuka.

Ƙa'idar Turai ita ce a sauke kowa daga lif da ya tsaya cikin awa uku da rabi. A raba layin yanki-yanki, kowane yanki da tawagarsa da jakar igiyoyinta, a yi atisaye kafin buɗe kaka, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare da fitilar goshi, a kan turakun da suka fi wuyar kaiwa.