Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran masai mai yoyo

A gidajen Kaduna da yawa, daga Malali har Rigasa, ruwan da ake kora masai da shi sai an tayar da inji an tura shi tankin sama, ko kuma an saye shi jarka-jarka a hannun masu kura, don haka duk abin da ya tsiyaye kuɗi ne ya bi rariya. Yoyon da ke cika kofi mai mililita 200 a minti 10 yana zubar da kusan lita 29 a kwana guda, wato fiye da jarka mai lita 25. Galibi ƙaramar roba ce ke jawo wannan asara, amma sai a sayi abin da bai lalace ba, ko a fasa abin da bai yi laifi ba, saboda ba a tsaya an gano inda ruwan ya faro ba.

Wanda ya ga ruwa kwance a gindin masai yakan yanke hukunci nan take cewa daga ƙasa yake fitowa. Ruwa kuwa gangarowa yake yi, kuma banɗakin da ake tsarki da buta ba ya rabuwa da jiƙa. Abin da ya dace shi ne a goge ko'ina ya bushe, a hana shiga na ɗan lokaci, sannan a bi mahaɗai da busasshen tishu daga sama zuwa ƙasa: makullin ruwa na jikin bango, tiyon da ke kai ruwa tankin masai, notunan da ke ƙarƙashin tanki, sai mahaɗar tanki da kwanon masai. Wuri mafi tsayi da tishun ya jiƙe, nan ne tushen matsalar. A lura da lokacin ɗigar ma, domin wadda ba ta tsayawa dare da rana daga ɓangaren shigar ruwa take ko daga notunan tanki, wadda kuwa sai an kora take bayyana daga zoben robar da ke tsakanin tanki da kwano take, ko daga mafita. A tsakiyar damina tanki yakan yi gumi saboda laimar iska, kuma wannan ba ya buƙatar mai gyara.

Yoyon da ya fi cin ruwa shi ne wanda ba ya taɓa ƙasa, domin cikin kwano yake sulalewa shiru. Sai tankin sama ya riƙa ƙarewa kafin gari ya waye, a zargi inji, a zargi yara, har wani lokaci a zargi maƙwabcin haya. Gwajinsa ba shi da wuya. A zuba shuɗin wanki ko jiƙon zoɓo mai kauri cikin tankin masai, a bar shi minti 20 zuwa 30 ba a kora ba; idan launi ya bayyana a kwano, ruwa yana wucewa. A nan ne ake yin kuskure na gaba, domin hanyoyin wucewar biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A ɗaga murfi a duba tsayin ruwan. Idan ya kai bakin bututun ambaliya, wato bututun cikin tanki da ke kai rarar ruwa kwano, yana malala ciki, laifin na bawul ɗin shigar ruwa ne, wanda ƙwallo ko gwangwanin roba mai tasowa saman ruwa ke rufe shi. Ya kamata ruwa ya tsaya kamar santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin bututun, kuma sau da yawa juya sukurun daidaitawa ya wadatar. In an daidaita bai daina ba, a rufe makulli, a kwance kan bawul ɗin, a wanke ƴar robar da ke ciki. Ƙwayar yashi guda daga rijiyar burtsatse ta isa ta hana ta zama daidai. Idan kuwa ruwan bai kai bakin bututun ba amma launi ya sauka, to robar da ke toshe ramin ƙasan tanki ce ta taurare ko datti ya taru a mazauninta. Tsoffin tankuna masu hannu da saifon, wato lanƙwasasshen bututun da ke zuƙo ruwa zuwa kwano, ba su da irin wannan toshiya. Su in ledar cikinsu ta yage, ƙin korawa suke yi sai an ja hannu sau uku ko huɗu.

A ganina ba a asarar kuɗi a banza kamar a kasuwa. Mutum zai je Panteka ko babbar kasuwa hannu rabbana, ya ce a ba shi kayan cikin tanki, ya dawo da wanda bai dace da ramin nasa ba. A cire tsohon a tafi da shi, ko a ɗauki hotonsa a waya, a kuma gaya wa mai shago cewa daga tankin sama ruwan ke zuwa, saboda akwai bawul ɗin da aka ƙera don ruwa mai ƙarfi, wanda a gida marar bene sai ya daɗe bai cika tanki ba.

Sai ɗaure noti fiye da kima. Kwano da tanki na tangaran ne, notunan cikinsu kuma mafi yawa na roba, don haka hannu ya ɗaure, sifana ta ƙara ɗan juyi kaɗan, kuma notuna biyun da ke riƙe da tanki a bi su bi da bi don ya zauna daidai. Farin tef da masu gyaran famfo ke naɗawa a zaren bututu ba shi da aiki a mahaɗar da ke da washa, domin washar ce ke tare ruwa. Idan ta tsufa, canza ta ake yi.

Kuskuren da ya fi muni shi ne lafta siminti a gindin masai ko a bayansa. Ruwan da ke fitowa daga nan bayan an kora najasa ne, kuma a gidan da ake kiyaye tsarki ba abin da za a rufe ido a kansa ba ne. Simintin yana ɓoye shi ne kawai, ya bi ƙarƙashin tayil ya jiƙa bango, wari ya zauna, ranar da za a yi gyaran gaskiya kuma sai an fasa kwanon kafin ya fita. Abin da ya lalace shi ne robar da ke haɗa mafitar kwano da bututun inci 4, kuma ita ake canzawa, a tabbatar kwanon ba ya girgiza, sannan a zagaye gindin da silikon. Kafin a cire komai, a buɗe ƙaramin ramin dubawa da ke bayan ɗaki. Idan ruwa ya tsaya a cikinsa, kamar yadda yakan faru a Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, to bututun ne ya toshe ko sokawe ta cika, kuma sabuwar roba ba za ta hana ƙazanta dawowa ba sai an buɗe hanya ko an kira motar kwasa.

Masu jefa ƙwayar bilic cikin tanki don tsabta su ma suna rage wa robobin kwana, gara a zuba sinadarin wanki a kwano kawai. Tsagewar tangaran ɗin tanki kuwa, in ta kasance ƙasa da inda ruwa ke tsayawa, gam ba ya riƙe ta na dindindin. A rufe makulli, a koma kora da bokiti har a samu sabon tanki.