Kurakuran da ke sa Arduino Uno ya shaƙe in ana haɗa sauti da shi

Duk mai son ya fitar da sauti daga Arduino Uno, ƙaramin bod ɗin lantarki da ake rubuta wa firogiram, to ya riƙe lambobi biyu a kansa tun kafin ya rubuta layi ɗaya. Na farko, RAM ɗin ATmega328P, guntun da ke tafiyar da Uno, bayit 2048 ne kacal. Na biyu, Mozzi, laburaren haɗa sauti a Arduino, tana fitar da samfur (lamba ɗaya ta igiyar sauti) 16384 a sakan ɗaya, kenan wajen mikrosakan 61 gare ka kan kowane samfur, ba ƙari. Yawancin matsalar da mutane ke kuka da ita daga ɗayan biyun nan take.

Kuskuren da aka fi yi shi ne na teburin igiyar sauti. Mutum zai rubuta teburin sine mai lamba 1024, ya sa masa const, ya ɗauka ai shikenan yana zaune a filash, memorin da firogiram ke ajiye a ciki. Ina! A kan AVR, dangin guntun Uno, ko da const ne sai an kwafo shi cikin RAM lokacin da bod ɗin ke tashi, rabin memori ya tafi kenan baka buga ko da nota ɗaya ba. Maganin shi ne PROGMEM, alamar da ke barin teburin a filash, ka riƙa karantowa da pgm_read_byte, filash ɗin kilobayit 32 ne akwai fili. Teburan da suka zo da Mozzi dama can haka aka tsara su, in ba dole ba yi amfani da su kawai. Haka ma rubutun da kake zubawa cikin Serial.print, kowane harafi bayit ne a RAM sai in ka naɗe shi da F().

Wani abin da ke yaudarar mutane sosai shi ne lissafin RAM da IDE, manhajar rubuta firogiram ɗin Arduino, ke nunawa bayan ta yi kwamfayil ɗin firogiram. Zaka ga ta ce kashi 70 cikin ɗari, ka ce to ai da saura, alhali lissafin nan bai haɗa da stack ba (wurin ajiyar wucin-gadi na ayyukan firogiram), bai haɗa da abin da String da malloc zasu ci ba in firogiram ya fara gudu, shi stack daga saman RAM yake saukowa, wurin da String da malloc ke ci kuma daga ƙasa yake hawa, ranar da suka yi karo ba wani saƙon kuskure da zaka gani, sai dai sauti ya rikice ko bod ya sake tashi da kansa, kai kuma kana can kana zargin waya ko batir. Ni dai shawarata ka manta da String gaba ɗaya a aikin sauti, duk abin da zaka buƙata ka ware masa wuri tun farko.

Sai masu son amsa-kuwwa. Don Allah a yi lissafi: jinkirin sakan ɗaya a gudun Mozzi, ko da bayit ɗaya ne kowane samfur, kilobayit 16 ne, ninki takwas na duk RAM ɗin. Bayit 512 zai baka kusan milisakan 31, wannan ya isa ɗan flanger (salon sauti da ake yi da gajeren jinkiri), kuma yana da daɗi in an saita shi da kyau, amma amsa-kuwwa ta gaske ba a nan ba.

Ta ɓangaren lokaci kuwa float, wato lamba mai ɗigo, shi ne babban mai laifi. Guntun nan bashi da sashen lissafin float, bashi ma da na rabawa, komai da sofwaya ake yi, shi ya sa kiran sin() ko raba lamba a cikin updateAudio, aikin Mozzi da ke fitar da kowane samfur, yake sa sauti ya riƙa tsinkewa. Yi aiki da cikakkun lambobi, maimakon raba da 256 ka tura bit takwas dama. Duk wani lissafi mai nauyi, irin canza mita ko karanta maɓallan murɗawa, kai shi updateControl mai gudu sau 64 a sakan. analogRead na yau da kullum yana tsayar da komai sama da mikrosakan 100, ya fi samfur guda tsawo, don haka mozziAnalogRead zaka ɗauka. delay kam kar ma ka kusance shi, akwai EventDelay.

In ka haɗa murya biyu ko uku ka ji ƙara kamar rediyo ya ɓata tasha, jimillar ce ta tumbatsa, tara su a int sannan ka rage. Shi kuma siririn fito da ke bin sautin fin na 9, inda Mozzi ke fitar da sauti, na PWM ne (kunna da kashe fin da sauri), resisto mai om 270 da kafasito nanofarad 100 suna rage shi.

In kuwa abin da ke ranka reverb (amsa-kuwwar ɗaki) ne da muryoyi da yawa, kar ka wahalar da kanka, koma Raspberry Pi Pico mai RAM kilobayit 264 ko ESP32 mai 520. Sai dai ka sani RP2040 na Pico shi ma bashi da sashen float, na ESP32 kuma float kawai yake ɗauka, double zai ja maka lokaci.