Yadda malamai za su gyara koyar da kwasa-kwasan gama-gari a kwalejin cikin birni

Matsalar kwasa-kwasan nan da kowa sai ya ɗauka, irin su rubutu da lissafi da tarihi, ita ce ɗalibi na ganin dole ce kawai aka ɗora masa. Ga shi a birni da yawansu aiki suke yi, wasu da iyali, sai mutum ya shigo aji a gajiye bayan ya sha cunkoson hanya.

To abu na farko, malaman su zauna tare tun kafin a fara zango su yarda a kan me ake so ɗalibi ya iya in ya gama, kuma don Allah a gayyaci malaman wucin gadi, sau da yawa su ke riƙe da azuzuwan nan amma ba a kiransu mitin.

A cikin aji kuma a rage doguwar lakca. Bayan minti 15 ka tsaya, ka jefa tambaya, kowa ya tattauna da na kusa da shi. Kafin a tashi kowa ya rubuta abin da bai gane ba a 'yar takarda ba suna, ka karanta, da shi za ka buɗe darasi na gaba. Wannan ni na fi yarda da shi, domin mai jin kunyar ɗaga hannu ma zai faɗi nasa.

Asaimen ya fito daga birnin, misali su lissafa lokacin da zirga-zirga ke cinye musu a mako. Sannan ku riƙa shiga ajin juna kuna kallo, ba don kama laifi ba, kuma a yi makin da ma'auni ɗaya.