Yadda Ake Gina Fom ɗin Rajista a Django da Tantance Abin da Aka Shigar

Fom ɗin rajista shi ne wuri na farko da mutumin da ba a san shi ba yake rubuta wani abu da zai shiga rumbun bayanan manhaja, don haka ya fi sauran shafuka buƙatar tsanaki. Django, tsarin gina manhajojin yanar gizo wanda aka gina da harshen Python kuma aka fitar da shi ga jama'a a shekarar 2005, ya tanadi mafi yawan abin da wannan aiki yake buƙata. Ƙa'idar da ya kamata mai gina manhaja ya riƙe tun daga farko ita ce, duk abin da ya zo daga burauza ba abin yarda ba ne har sai uwar garke ta duba shi da kanta.

Kafin a taɓa fom, a fara da tsarin asusun mai amfani. Tsarin da Django ya zo da shi ba ya tilasta a shigar da adireshin imel, kuma ba ya hana mutum biyu yin rajista da adireshi ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a ƙirƙiri aji na musamman mai gado daga AbstractUser, a sake ayyana gurbin imel da EmailField tare da unique=True, wato dokar hana maimaita adireshi, sannan a nuna wa Django wannan aji ta hanyar AUTH_USER_MODEL a cikin settings.py. A yi haka kafin a gudanar da migrate na farko, wato umarnin da yake kafa teburorin rumbun bayanai, domin sauya tsarin asusu bayan an riga an kafa teburorin rumbun bayanai aiki ne mai wahala ƙwarai.

Daga nan sai a rubuta fom ɗin a cikin forms.py. Ba sai an fara daga tushe ba, tunda akwai UserCreationForm a cikin django.contrib.auth.forms, wanda ya zo da gurbin sunan mai amfani da gurabe biyu na kalmar sirri, password1 da password2. A yi gado daga gare shi, a ambaci sabon tsarin asusun a cikin Meta, a kuma lissafa username da email a cikin fields. Sunan mai amfani ba zai wuce haruffa 150 ba, kuma daga sigar 4.2 ta shekarar 2023 fom ɗin yana ƙin karɓar suna idan bambancinsa da wani sunan da ke akwai bai wuce manyan baƙi da ƙanana ba.

Tantancewa tana farawa ne lokacin da aka kira is_valid(), kuma sanin jerin da take bi yana rage ruɗani sosai. Django yana ɗaukar gurabe ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko an cike wanda ya wajaba da ko siffarsa daidai take, sannan ya nemi aikin da aka rubuta musamman domin wannan gurbi, kamar clean_email. Bayan ya gama da dukkan gurabe sai ya kira clean(), inda ake ajiye dokokin da suka shafi gurabe biyu ko fiye a lokaci guda. Abin da ya tsallake yana shiga cleaned_data, kuma daga nan kaɗai ya dace a ɗauki bayanai, ba daga request.POST kai tsaye ba. A cikin clean_email ya kamata a mayar da adireshin zuwa ƙananan baƙi kafin a dawo da shi, domin a rumbu irin PostgreSQL dokar unique tana ɗaukar adireshi mai babban baƙi a matsayin daban da mai ƙaramin baƙi, alhali kusan kullum akwati ɗaya suke nufi. Idan an karya wata doka, sai a tayar da ValidationError da saƙon da yake gaya wa mutum ainihin abin da zai gyara. A ganina saƙon da ya ce kawai an samu kuskure bai cika aikinsa ba, domin yana barin mutum cikin zato, kuma da yawa sukan rufe shafin su tafi.

Ƙarfin kalmar sirri kuwa ana sarrafa shi ta AUTH_PASSWORD_VALIDATORS. Sabon aikin Django da aka ƙirƙira yana zuwa da masu dubawa huɗu: ɗaya yana ƙin kalmar da ta yi kama da suna ko imel ɗin mai ita, ɗaya yana neman aƙalla haruffa 8, ɗaya yana kwatanta ta da jerin kalmomin sirri 20,000 da mutane suka fi yawan amfani da su, na ƙarshe kuma yana ƙin wadda lambobi ne zalla. Kada a cire su don sauƙaƙa rajista.

Aikin da ke cikin views.py gajere ne. Idan buƙatar GET ce, wato an buɗe shafin kawai, a nuna fom marar komai. Idan POST ce, wato an aiko da fom ɗin da aka cike, a zuba bayanan cikin fom, a kira is_valid(), in ya amince a kira save(), sannan a tura mutum zuwa wani shafi da redirect don kada sabunta shafin ya sake aika bayanan. In bai amince ba, a sake nuna wannan fom ɗin dai, wanda zai fito da saƙonnin kuskure da abin da aka riga aka rubuta, ban da kalmar sirri. Shi save() na wannan fom yana bi ta set_password, wanda yake rikiɗa kalmar sirri da hanyoyin lissafi na PBKDF2 da SHA256 kafin ajiyewa, ta yadda ba za a iya karanta ta daga rumbu ba. Wanda ya zuba kalmar sirri kai tsaye cikin gurbin password ya ajiye ta a fili, kuma wannan cin amanar masu rajista ne ko da ba da gangan aka yi ba. A shafin HTML kuma dole a saka alamar csrf_token a cikin fom, wadda take hana wani shafi na daban aiko da fom na bogi da sunan mai amfani, in ba haka ba Django zai mayar da kuskure mai lamba 403.

Dubawar da burauza take yi ta hanyar required ko type="email" tana taimaka wa mai cike fom, amma kowa yana iya kauce mata ta aika buƙata kai tsaye zuwa uwar garke. Ita ma dubawar fom tana da giɓi: mutum biyu suna iya aiko da imel ɗaya a daidai lokaci guda, kowannensu ya tsallake binciken kafin a ajiye ɗayan. A irin wannan hali dokar unique da ke cikin rumbun bayanai ce take hana na biyun, sai a kama IntegrityError a nuna saƙo mai ma'ana maimakon shafin kuskure.

Siffar imel ta yi daidai ba ya nufin adireshin na mai rajistar ne. A ajiye asusun da is_active=False, a aika masa mahaɗi mai alamar sirri, a buɗe asusun sai bayan ya latsa shi. Kafin a saki manhajar a kan HTTPS, a rubuta gwaje-gwaje da TestCase waɗanda suke aika imel da aka maimaita da manyan baƙi, kalmomin sirri biyu da suka saɓa, da guraben da aka bari fanko, a tabbatar cewa a kowane hali ba a ƙirƙiri asusu ba.