Darasi na Tara: Inshorar Lafiya da 'Ya'yan Ma'aikacin Makaranta

Ba malamai kaɗai ke riƙe da makaranta ba. Akwai maigadi, akwai mai shara, akwai masinja da direba, ga masu dafa abinci in makarantar kwana ce. Wannan darasi nasu ne duka.

In ka tambayi ɗaya daga cikinsu nawa ake biyan sa, zai faɗa maka abin da ke shiga hannunsa a ƙarshen wata. Amsar da saura. Ladan aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙirgawa, wato albashi da alawus. Akwai kuma wanda ke kwance a takarda: inshorar lafiya, hutun haihuwa, hutun rashin lafiya da fansho. Wanda bai iya karanta takardar ba, na biyun yakan wuce shi, alhali da guminsa aka biya.

Malami ya rubuta waɗannan kalmomi a allo, a karanta su tare sau uku, kowa ya kwafa: inshora, asusu, gudunmawa, rajista, kati.

Mece ce inshorar lafiya?

Asusu ne da mutane masu yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a cikinsa kowane wata. Abin da kowa ke zubawa shi ake kira gudunmawa. Duk wanda ciwo ya kama a cikinsu, daga asusun za a biya asibiti. Dabarar ita ce, mutum dubu ba sa kwanciya rana ɗaya. Masu lafiya na wannan watan su ke ɗaukar nauyin marasa lafiya, wata mai zuwa kuma ba wanda ya san a kan wa abin zai faɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, "Ni fa shekara biyu ana cire mini, ban taɓa zuwa asibiti ba. A maido mini da kuɗina." Ba a maidowa, domin ba ajiya ba ce. Abin da ka saya shi ne ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, kada rashin kuɗi a aljihu ya sa ka ce a bari sai gobe. A ciwon yara, wannan "sai gobe" ɗin ita ce mai yin ɓarna.

Tsarin ya daɗe. A shekarar 1883 ƙasar Jamus, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, ta kafa dokar da ta tilasta yi wa ma'aikata inshorar lafiya. A lokacin ma'aikaci ke biyan kashi 2 cikin 3, mai aikin ya cika sauran. Tun daga nan wannan rabon nauyi tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ya bazu a duniya. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya daban: Birtaniya tun 1948 daga haraji take biyan yawancin kuɗin kula da lafiyar jama'arta. Saboda haka in ka ga an cire wani abu a takardar albashinka da sunan lafiya, ka tambaya nawa makarantar ko gwamnati ta ɗora a kai. Wannan ma naka ne.

Sunan yaro a takarda

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka za mu ɗan daɗe a kai.

Asibiti ba ya aiki da cewa "ai ɗana ne". Da rajista yake aiki. Yaron da sunansa bai shiga ba, ko da ana cire wa ubansa ko uwarsa gudunmawa kowane wata, in ya je asibiti baƙo ne. Kuma kowane tsari yana da iyakar yawan 'ya'ya da iyakar shekaru. A Nijeriya, tsarin ma'aikata da ya fara aiki a 2005 ya ƙunshi ma'aikaci, da abokin zamansa ɗaya, wato mata ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A Amurka kuwa, dokar 2010 ta ba ɗa damar zama cikin inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Kun ga tazarar da ke tsakani. Kada ka ɗauki abin da ka ji game da wani wuri ka ɗora wa naka. Takardar tsarinku ita ce alƙali.

A karanta wannan hira da murya, mutum biyu-biyu. Wani maigadin makaranta ne ya je ofishin kula da ma'aikata.

"Salamu alaikum, Malama."

"Wa alaikumus salam. Baba, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Haihuwa aka yi mini, shi ne na ce bari in ji ko jaririyar ta shiga katina."

"Barka, Allah ya raya. Ai ba ta shiga da kanta, Baba. Sai an cika fom. Ka zo da takardar haihuwarta?"

"Ba mu karɓo ba tukuna. Na ɗauka sai ta isa shiga makaranta."

"A'a, yanzu ake buƙatarta. Ka karɓo cikin makon nan. Kuma sunan da aka rubuta a can, shi za mu rubuta a nan, harafi da harafi."

"To, babban yarona fa? Bana zai cika 18."

"Shi kuma in ya cika zai fita. Zo in nuna maka inda aka rubuta, sai mu duba wane tsari zai koma."

Ku lura da maganar harafi da harafi. Suna ɗaya in aka rubuta shi iri biyu, ko ranar haihuwa ta saɓa tsakanin kati da takardar haihuwa, kwamfuta za ta ɗauka mutum biyu ne. Gyaran kuwa yakan ci lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga amfanin karatun da muke yi nan: ka karanta sunan ɗanka da idonka kafin ka sa hannu.

Ku lura kuma da gaggawar da Malama ta yi. Tsare-tsare da yawa suna ba da ɗan lokaci ƙayyadadde na shigar da jariri. A inshorar wurin aiki ta Amurka, alal misali, mafi ƙarancin abin da doka ta ba iyaye kwana 30 ne daga ranar haihuwa.

To, yaron da ya rage a waje fa, ko wanda iyayensa aikin wucin gadi suke yi? Tambaya ce mai nauyi, domin a makarantu da yawa masu shara da masu gadi da masu girki 'yan kwantiragi ne, kuma su da suka fi ƙarancin albashi su aka fi bari ba inshora. A ganina wannan ba daidai ba ne, kuma magana ce da ya kamata ƙungiyoyin ma'aikata su riƙa tayarwa. Amma kafin nan, a nemi tsarin da gwamnati ta tanada don yara. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta kuma ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 18 biyan gudunmawar shekara. Amurka ta kafa shirin inshorar lafiyar yara mai suna CHIP a 1997 don yaran da samun iyayensu bai kai na sayen inshora ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 26, ta amince cewa kowane yaro yana da haƙƙin cin gajiyar irin wannan kariya. Tambaya a kai ba roƙo ba ne.

Abin da kati ba ya biya

Kati ba ya buɗe kowace ƙofa. Galibi akwai asibitin da ka zaɓa tun wajen rajista, nan za ka fara zuwa. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su ba ka takardar turawa babban asibiti. Wanda ya tsallake su ba don larurar gaggawa ba, yana iya biya daga aljihunsa. Akwai jerin magunguna da ayyukan da aka yarda a biya, akwai waɗanda aka cire. Wani tsarin kuma yana sa ka biya wani ɓangare: a na ma'aikatan Nijeriya, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit.

Sauran haƙƙoƙin ma a duba su a takardar ɗaukar aiki. Hutun haihuwa ya shafi jariri kai tsaye: yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta sa mafi ƙarancinsa mako 14, ko da yake kowace ƙasa da dokarta. Wasu makarantun kan rage wa 'ya'yan ma'aikatansu kuɗin makaranta. In an yi maka wannan alkawari da baki, nemi a rubuta.

Lissafi da aiki

A ce kuɗin maganin yaro 100 ne, kowane irin kuɗi ne, kuma naka kashi 10 cikin 100. Za ka biya 10, asusu ya biya 90. To, in 500 ne, nawa za ka biya? In 1,200 ne fa?

A gida, rubuta sunayen 'ya'yanka da ranakun haihuwarsu kamar yadda suke a takardar haihuwa. Ja layi ƙarƙashin duk wanda ba ka tabbata yana cikin rajista ba, da wanda ya kusa kai iyakar shekaru. Ka zo da takardar a darasi na gaba, tare da takardar albashinka ta watan jiya in kana da ita, mu nemo layin da aka rubuta inshora.